Misrawa Sun Ce Mata Ummu Asma

Tun da muka dawo daga Misra ban auna yadi ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Mace za ta shigo shagona a kasuwar Jimeta, ta ɗaga atamfa, ta juya ta, ta tambayi kuɗinta, ina cikin ba ta amsa sai ta ajiye ta gyara zama: "To Goggo, yaya can ɗin yake?" Madam Ngozi mai shagon takalma kusa da nawa ta fi kowa naci. Kullum kafin ta buɗe ƙofarta sai ta leƙo ta ce, "Goggo, you never gist me finish o. Wannan wankin jini, da sabulu suna yi ne?" Na faɗa har bakina ya gaji, kowa kuma da guntun da ya tafi da shi, har na ji wai a unguwar Ajiya ana cewa an zuƙe wa yarinyar jininta kaf an ɗura mata na Larabawa. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa in ci gaba da cinikina.

Yarinyar ita ce Asma'u, 'yar ƙanena Buba, muna ce mata Ma'u. A ɗakina aka haife ta a unguwar Limawa, shekarar da 'yan tayar da ƙayar baya suka koro mutanen Mubi, gidana ya cika har ana kwana a zaure. Buba da matarsa Dija sun iso da ƙafafu a kumbure, ita ga tsohon ciki. Da aka yaye yarinyar sai Buba ya ɗauko ta ya ɗora mini a cinya, don ni Allah bai bar mini nawa ba. Su suka koma Mbamoi cikin Yola suka kama noma, ni na riƙe Ma'u. Ita ce 'yar farin Dija, Dija kuwa Bafulatana ce mai kunya irin ta mutanen dā. Ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yi mata wasa. In dole ta yi zancenta sai ta ce "yarinyar Goggo", in da ita take magana ta ce "ke". Ma'u kuma Adda take ce mata, kamar wata yayarta. Mu a nan ba wanda ya taɓa ganin wannan wani abu ne.

Ciwon ya fara ne bara, tana aji shida. Zazzaɓi da ciwon kai, sai ta daina barci, sai dariya ba dalili, sai ga ta ta zagi malaminta, yarinyar da ko kaza ba ta iya kora da tsawa. Daga nan farfaɗiya. Daga nan bakinta ya riƙa motsi kamar mai tauna, ƙarshe ta yi shiru ɗif, ido a buɗe ba ta gane kowa. Aka ce iska ce, muka yi ruƙiya. Aka yi maganin maleriya, aka yi na taifot, aka yi na sanƙarau. Sai da wata likitar yara a babban asibiti ta ɗebi ruwan ƙashin bayanta ta aika gwaji waje sannan muka san sunan abin da ke damunmu.

"Goggo," ta ce mini, "kin san jiki yana da sojojinsa masu yaƙar cuta. To nata sun ruɗe, sun juya suna yaƙar ƙwaƙwalwarta, har ta kumbura."

Na ce, "Likita, mu da muka ga 'ya'yan gari sun juya wa gari bindiga, wannan ba ya yi mana wuyar ganewa."

Ta gwada allurai masu ƙarfi, ta gwada wani ƙarin ruwa na musamman, Ma'u ba ta motsa ba. Sai ta ce saura abu ɗaya, a canza mata ruwan jininta, don a cikinsa ne ruɗaɗɗun sojojin suke yawo. Ta ce tana da abokiyar karatu a Alƙahira wadda ta saba yi wa yara, kuma mu yi sauri, don in aka daɗe yarinyar tana iya rayuwa amma ba lallai ta dawo Ma'un da muka sani ba. Dangi suka haɗa hannu, 'yan kasuwa suka sa nasu, masallacinmu ya sa, har cocin su Madam Ngozi ya aiko. Asibitin can suka ce dole uwa ko uba ya biyo ta. Fasfon Buba ya maƙale, don haka tafiya ta faɗa kan Dija. Ni kuwa na ce ko a cikin akwati ne sai na je.

Kada in yi muku ƙarya, tsoro na nan, amma a ƙarƙashinsa zumuɗi ne ya cika ni. Shekaruna hamsin da ɗoriya ban taɓa shiga jirgi ba, iyakacina Kano saro kaya. Na ɗinka riguna sababbi. Na haɗa daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kifin Binuwai, gyaɗar kunu, da kwalbar man shanu, don na ji an ce Larabawa ba su san miya ba.

Daga Kano jirgin yake tashi, sai muka ɗauki shatar mota bayan asuba. Ma'u tana kwance a cinyata, da 'yar robar da ake ba ta kunu ta hanci. Dija ta maƙure jikin taga kamar fasinjar da muka tsinta a hanya. Bayan mun haye gadar Numan sojoji suka tsayar da mu. Wani dogo ya leƙo, ya ga yarinya cikin hijabi, ido a kafe, ba ta ƙiftawa, sai na ga hannunsa ya koma kan bindiga. Ban ga laifinsa ba, mun san abin da aka yi da yara irinta a shekarun baya.

"Wetin do am?" ya ce.

Na ɗage hijabin ya ga robar hanci. Na ce, "Oga, she no well. Brain. We dey carry am go Egypt."

Ya janye hannunsa daga kan bindiga. Sai ya ce tasa 'yar ma haka tsawonta yake, ya daki bayan motar ya yi wa na gaba ihu su janye taya. Har muka ɓace ina hango shi da hannu a ɗage.

Wajen Kaltungo muka faɗa wani rami da ya ɗaga mu sama ya dire. Ban san ɓarnar da ya yi ba sai da muka tsaya cin masa a Gombe na buɗe jaka. Kwalbar man shanu ta fashe cikin sababbin rigunana. Na wanke, na shanya, na fesa turare, a banza. Duk inda na bi a ƙasar Misra ƙamshin ruga na biye da ni, har kyanwoyin unguwarmu suka san ni.

A filin jirgin Kano wani jami'in shige da fice, dattijo mai furfura, ya duba fasfo ya dubi Dija ya ce, "Hajiya, ke ce mahaifiyar? Mene ne sunan yarinyar?" Dija ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Ya leƙo ta saman tabarau, ya yi murmushi.

"'Yar fari ce ko?"

Na ce, "Ita ce, ranka ya daɗe."

Ya buga hatimi yana dariya. "Tawa uwar har ta rasu 'kai wannan' take ce mini. Allah ya ba ta lafiya."

Jirgi kuwa, jama'a, gani ya kori ji. Da ya ɗaga sai na ji hanjina ya tsaya a Kano, na kama duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Na shiga banɗaki na danna wani maɓalli, abin ya yi wata irin ƙara, na fito da gudu ina tsammanin na huda jirgin. Dija kuwa tana zaune tsaf tana jan carbi kamar a ciki aka yanke mata cibi. Na ji haushinta ƙwarai.

A Alƙahira ne muka gane ba ko'ina ake da dattijo irin na Kano ba. Jami'in can saurayi ne mai gashin baki. Ya ga yarinya a keken marasa lafiya ba ta san inda take ba, ya ga mata biyu, ya tambayi wace ce uwar. Na nuna Dija. Ya tambaye ta sunan 'yarta da Turanci, ya sake da Larabci. Dija ta yi Islamiyya, ta ji shi sarai, amma sai ta nuna ni da haɓa. Na ce, "Asma'u!" Ya ɗaga mini hannu, wato ba da ni yake ba. Ya sake tambaya, shiru. Sai ga mu a wani ɗaki na gefe, an karɓe fasfo, wata mata mai kaki tana zazzage jakata, ta kwance ƙullin daddawa ta ja da baya tana salati.

Na matsa kusa da Dija na ce, "Don girman Allah ki faɗa. Wa ya san mu a nan? Za su ce sato ta muka yi!"

Ta ce a hankali, "Goggo, ba zai fita a bakina ba."

Sai ta miƙa hannu ta ɗauki biro a kan teburin, ta jawo wata takarda ta rubuta sunan da haruffan Larabci, da na uban, da na kakan. Jami'in ya duba takardar, ya duba fasfo, ya dube mu. Ina jin ya yanke cewa kurmiya ce ko kuma mahaukata ne mu duka. Ya ce "ma'alesh", kalmar da suke wanke kowane laifi da ita, ya miƙo mana fasfo. Daddawata dai ba ta shiga Misra ba.

Masaukinmu gidan wata Hajja Zainaba ne, wadda likitarmu ta Yola ta haɗa mu da ita. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun tashi daga ƙasar Kano za su hajji a ƙafa, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Yaƙin can ne ya koro ta Alƙahira, take ba da hayar ɗakuna tana yi wa irinmu tafinta. Hausarta irin ta tsofaffi ce, gauraye da Larabci. Da na ba ta labarin yadda gidana ya cika da 'yan gudun hijira sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ya'ani ke kin sauki mutane, ni an sauke ni. Shigo, gidanki ne."

Gidan yana can hawa na sama, ana shiga wani keji na ƙarfe ya ja mutum yana kuka. Abin da ya fi burge ni shi ne kwando. Matan garin ba sa saukowa sayen burodi. Kwando suke zurowa da igiya ta taga, su ƙwala wa mai shago kira, ya zuba, su ja. Na ce wannan dabara sai na kai ta Limawa, sai na tuna gidana ba bene. Ranar da na gwada da kaina na saki igiyar gaba ɗaya, kwando ya sauka a kan wani mai gyaran takalmi, ya ɗago yana zazzaga Larabci, ni ina "ma'alesh, ma'alesh" daga sama.

Abinci kuwa, wake da safe, wake da rana, in ka yi wasa wake da dare. Suna da wani haɗi na shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, kamar an share kicin an zuba. Wata rana Hajja ta kawo wata koriyar miya tana yi mana kirari, wai abincin sarakunan dā ce. Na ɗanɗana na ce, "Hajja, wannan ai lalo ne! A bayan gidanmu yake fitowa, awaki ke ci." Magana kuma da ƙarfi suke yi, ka ga mutum biyu kamar za su kashe juna, kafin ka nemo mai rabo sun rungume suna sumbatar kumatu. Namiji da gemunsa zai ɗora 'yarsa a wuya yana sumbatarta a tsakiyar titi. Ni ina kallo baki buɗe, Dija tana kawar da kai.

A asibiti ne abin ya haɗu da mu. Ashe su Misrawa ba sa kiran mace da sunanta, da sunan ɗanta na fari suke kiranta, kuma wannan ne girmamawa. Babbar nas ɗin ɗakin yara, Sista Samiya, wata ƙatuwar mata mai murya kamar lasifikar masallaci, tana duba takarda ta ƙwala, "Ummu Asma!" Dija ta waiga bayanta tana neman wadda ake kira. Da Hajja ta ce da ita ake, na ga kamar ƙasa ta tsage ta shige. Daga ranar, mai shara Ummu Asma, mai kawo abinci Ummu Asma, mai gadi Ummu Asma. Na yi dariya har da hawaye. Na ce, "Dija, kin gudu daga suna ɗaya, ga shi an ɗaura miki shi a goshi."

Dariyar ba ta daɗe ba. Ranar da za a fara wankin aka ce mutum ɗaya ne zai shiga ɗakin na'ura, kuma uwa. Na ce ni na raine ta, ni na san kukanta, ni na san tarinta. Sista Samiya ta ce "ma'alesh" ta rufe ƙofa. Aka bar ni a bayan gilashi da ƙamshin man shanuna. Wallahi na ji kishi, kishi mai zafi, ban ɓoye wa kaina ba.

To ga amsarki, Madam Ngozi, ba sabulu. An sa mata wata roba a babbar jijiyar wuya, mai baki biyu. Jini yana fita ta ɗaya kaɗan-kaɗan, ya shiga na'ura mai girman ƙaramin firji, ta juya shi ta raba ƙwayoyin jinin da ruwansa. Ruwan ta tara a wata jaka, ƙwayoyin ta haɗa da sabon ruwa mai tsabta ta mayar ta ɗaya bakin. Jininta ne dai yake komawa, ruwan kawai aka canza. Ni na zaci abin da zai fito baƙi ne wuluk, tunda shi ya kwantar mana da yarinya. Sai na ga ruwa ɗorawa-ɗorawa kamar romon kaza. Na tsaya ina hararar jakar nan kamar ta san abin da ta yi. Abin yana ɗaukar awanni. Can Ma'u ta fara rawar sanyi, na'ura ta yi ƙara, na daki gilashi, suka lulluɓe ta da bargo suka ƙara wani magani a ruwan, ta lafa. Likitar, Dakta Hala, ta ce za a yi kamar sau biyar, ana tsallake kwana ɗaya tsakani.

Duk wannan abin Dija tana kan kujera ta ba gadon rabin baya. Sista Samiya ta kamo hannunta ta ɗora a goshin yarinyar, tana juyawa Dija ta janye. Bayan wanki na biyu sai aka kira mu ofis. Ashe Sista ta kai ƙara, wai a duk aikinta ba ta taɓa ganin uwar da ba ta son 'yarta kamar wannan ba, ko a bincika. Hajja Zainaba ta zauna ta warware musu kunyar ɗan fari tun daga tushe. Dakta Hala ta cire tabarau tana kallonmu.

"Ba zan taɓa al'adarku ba," Hajja ta fassara mana, "amma ƙwaƙwalwar da ke farfaɗowa tana son muryar da ta sani. A riƙa kiran sunanta, a riƙa yi mata hira."

Na buga ƙirji na ce, "Ai ga ni!"

Aka ba ni kujerar. Ban taɓa samun aikin da ya dace da ni kamar wannan ba. Na ba Ma'u labarin kasuwa kaf, wa ya yi aure, wa ya yi faɗa da wa, wace atamfa ta fito. Na kira sunanta har Sista Samiya ta koyi cewa "Ma'u". Bayan wanki na uku ta yi barci, barci na gaske, irin wanda rabonta da shi tun farkon ciwon. Bayan na huɗu bakin ya daina taunar nan, idonta ya fara bin mutum in ya gitta. Na riƙa aika saƙon murya Jimeta ina ihu. Aka yi na biyar, aka cire robar wuya, muka zuba ido. Magana shiru. Tana kallona kamar yadda take kallon bango.

Dakta Hala ta ce mu yi haƙuri, wankin ya kwashe masu ɓarnar ne, warkewar ƙwaƙwalwa kuwa a hankali take zuwa. In ba a ga ci gaba ba akwai wani magani mai ƙarfi da zai kwantar da sojojin jikin, amma yana da nasa haɗarin. Na koma masauki na tarar da Dija tana ninke kayan yarinyar, sai na sauke mata.

"Ke wace irin zuciya gare ki? Mun ƙetare ƙasashe, an huda mata wuya, ke ko sunanta ba za ki iya kira ba? Kunya ce za ta tashe ta?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce da Hausarta irin ta Fulani, "Goggo, yarinyan ki ne. Tun yana shan nono na san na ki ne. In ya buɗe ido, gara ke ya fara gani."

Na zauna na jawo sauran kayan na taya ta ninkewa.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka fara gwada ba ta abinci ta baki. Sista Samiya ta kawo dafaffen wakensu ta kai cokali. Ma'u ta kawar da kai, ta yamutsa fuska, ta ce da wata murya kamar ta tsohuwa, "Kunu." Jama'a! Na zabura na rangaɗa guɗa. Sai na ji wata guɗar ta fi tawa a bayana, ashe su ma suna yi, Sista Samiya ce ta sa hannu a baki tana karkaɗa harshe. Na ƙara, ta ƙara, sai da wani likita ya fito ya kore mu mu biyu. Daga nan kalmomi suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, ruwa, zafi, a'a. Amma ba ta kira kowa ba. Ban san ko ta san ni ba, ko kuwa dai wata mata ce mai surutu da ke kawo kunu.

Wata rana da la'asar na je masauki na dama kunun gyaɗa, na samu mota da wuri na dawo kafin lokacin da na saba. An ja labule a gadonta. Na kai hannu zan yaye sai na ji murya ƙasa-ƙasa, muryar da na sani amma ban taɓa jin ta haka ba.

"Asma'u. Asma'u. Ɓingel am, 'yata. Asma'u, kina jina?"

Na leƙa ta tsagar labule. Dija ce a bakin gado, ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, tana tsefe mata gashi da yatsu, tana ta maimaita sunan kamar mai biya karatu. Yadda hannunta ya saba da wurin, na gane ba yau ta fara ba, duk fitar da nake yi abin da ake yi ke nan. Ma'u ta ɗago ido ta daɗe tana kallonta. Sai ta ce, kalma ɗaya-ɗaya, tana hutawa tsakani:

"Adda. Ashe... kin san... sunana."

Na toshe bakina da mayafi. Na ja da baya da sanɗa har ƙarshen baranda, na zauna a kan benci na yi kuka mai isata, rabi na murna, rabi ban san na mene ne ba. Da na share fuska na dawo ina jan silifas da ƙarfi, na yi sallama tun daga nesa. Na tarar da Dija a bakin taga tana kallon titi. Ma'u ta dube ni ta ce, "Goggo, kunu." Na kusa zubar da shi.

Sauran zamanmu na koyon tafiya ne da koyon riƙe cokali. Masu tambayata dalar Fir'auna, e, Hajja ta kai mu kafin mu taho. Duwatsu ne manya an jera, wani raƙumi ya tofa mini yawu a sabuwar riga. Ranar sallama Sista Samiya ta rungume Dija har ƙafafunta suka bar ƙasa, ta roƙe ta ta yafe mata zargin da ta yi mata. Dakta Hala ta haɗa mu da magunguna da bayanin da za mu kai wa likitarmu ta Yola, ta ce za ta riƙa mantuwa, za ta riƙa saurin gajiya, kada a matsa mata da makaranta, kada kuma a yi wasa da zuwa asibiti. Har yau muna kai ta, kuma kullum ana samun ƙari.

Buba ya tarye mu a Kano muka kamo hanya. Tun daga Gombe Ma'u ta yi barci, kanta ya gangara ya sauka a kafaɗar Dija. Dija ta ƙame tana kallon taga, ga mijinta a gaba, ga ni a gefe, amma ba ta ture kan ba. Na yi ta kallonsu har Numan. Da muka shigo Jimeta direba ya rage gudu zai karya Limawa, inda na san mata sun dafa abinci suna jiranmu.

Na ce, "Miƙe Yola."

Buba ya waigo ya dube ni. "Adda Mairo, ba gida za mu fara ba?"

"Gida za mu. Mbamoi."

Dija ta ce, "Goggo, mutane zai yi magana."

Na ce, "Su yi. Ni ma maganar nake sayarwa."

A ƙofar gidan Buba maƙwabta suka fito, da tsofaffi da yara, ana ta barka da Allah ya ƙara sauƙi. Na sauke jakar Ma'u da kaina, na jera wa Buba magungunan, na safe daban, na dare daban. Na juya zan koma mota sai na ji an riƙe mini mayafi. Ma'u ce, ido duk barci.

"Goggo, ina za ki?"

Na ce, "Shago, uwata. Gobe zan zo."

Ba ta saki ba. Ta dube ni, ta dubi ƙofar gidan, ta ƙara damƙe mayafin. Ni kuma na kasa cire hannunta, don na san in na taɓa shi ba zan iya tafiya ba. Sai Dija ta tako, a gaban mijinta, a gaban tsofaffin unguwa, ta yi magana yadda kowa ya ji.

"Asma'u. Saki Goggo. Zo."

Wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha illallahu." Ma'u ta sake ni ta tafi. Na shiga mota na ce wa direba Limawa, na kuma roƙe shi ya tafi a hankali, don ina so in gama kukana kafin in isa wurin masu guɗa.